Ranar da Innarku Ta Kira Sunan Yayanku

Wannan babin saboda Hauwa'u na rubuta shi, autarmu mai bakin da ba ya hutawa. Da sallar layyar da ta wuce ta dawo daga kasuwar Kende tana ƙyalƙyala dariya, wai ta ji wani tsoho ya kira Yaya da Sarkin Ruwa, ta shigo gida tana rera sunan kamar ta tsinci sabuwar waƙa. Ni da ban taɓa ɗaga wa ɗayanku murya ba, ranar na daka mata tsawa har ƙullin gyaɗar da ke hannunta ya faɗi. Kwana biyu tana gaishe ni fuska a ɗaure, kuma tana da gaskiya, don ba wanda ya taɓa gaya mata komai. Ku ma manyan kun sha tambayata abin da ya sa duk unguwarmu Innarku ce kaɗai ke kiran ɗanta na fari da sunansa gatsau, ko a gaban baƙi. Amsar biyun ɗaya ce, kuma mafi yawan laifin da ke ciki nawa ne. To, ku gyara zama.

Ku yaran yanzu kunyar ɗan fari abin dariya ce a wurinku. Mu ba haka muka taso ba. Ɗan fari ba ka kiran sunansa, ba ka ɗaukarsa a gaban mutane, ba ka zama hira da shi, in an yabe shi sai ka kau da kai kamar ɗan wani ake magana. Innarku kuwa Bafulatanar Zagga ce, tasu kunyar ta ninka tamu. Sai kuma muka ƙara mata nauyi, muka sa wa yaron sunan mahaifina, wato surukinta, sunan da ko wani baƙo can ke amsa shi ba za ta furta ba. Sai yayanku ya zama "wancan", ko "yaron nan", ko "na ɗakin Iya". Iya ita ce mahaifiyata, ƙananan cikinku ba ku riske ta ba. Tun da aka yaye shi ta ɗauke shi, kamar yadda aka saba. Ita ke goya shi, ita ke jin ciwon cikinsa da ƙorafinsa, tana kiransa Maigida, tana tsokanarsa wai ya tashi bai bar mata cefane ba. Tsarin ba shi da aibu muddin akwai Iya. Uwa da uba su yi ta kunyarsu, yaro dai yana da ɗakin da zai shiga ya yi kuka.

Ni kuma lokacin rabin rayuwata a kan hanya take. Babbar mota nake ja, in ɗauki albasa da shinkafa in ratsa ta Illo in shiga Jamhuriyar Binin. Na kwana a Malanbil, na kwana a Gaya da Yamai da Kwatano, har Kumasi na taɓa zuwa na ci wata miya da har yau ban san da me aka yi ta ba, kuma ba na son a gaya mini. Abin da aka san ni da shi ko'ina shi ne barkwanci. Ma'aikacin kan iyaka zai taso fuska a murtuke, kafin ya gama zagaya motar na sa shi dariya da guntun Faransancina da Dandancin mutanen bakin iyaka da na tsinta a tasha. Sai na ɗauka babu wani ƙunci a duniya da wasa ba ya sassautawa.

Iya ta rasu da bazara. Da kakar wannan shekarar, yayanku na ɗan shekara goma sha biyar, abin ya faru.

Gonar shinkafarmu a ƙetaren gulbi take. Lokacin yanka ne, kowa na sauri, jirgin ruwa mai inji ya kwashi mutane fiye da ƙima, ga babura, ga buhuna. Suna tsakiyar ruwa ya daki wani kututture da ruwa ya rufe, ya kife. Yayanku yana ciki tare da abokinsa Sanusi, ɗan maƙwabcinmu, wanda katanga ɗaya ta raba gidajenmu, tare suka yi rarrafe. Masunta suka tsinci yayanku can ƙasa da mashaya, inda jirage ke tsayawa, yana rungume da jarka. Sanusi sai bayan kwana biyu aka ga gawarsa. Mutanen garinmu da yawa sun tafi ranar, ba zan jera muku su ba.

Ina Malanbil ana sauke albasa ƙanena, Baffanku Bello, ya kira ni a waya. Washegari da hantsi na iso. Na tarar da zaurenmu cike, ana ta shigowa ana cewa barka da arziki, barka da arziki, a bayan katanga kuma ana zaman makoki, kana jin kukan matan gidan su Sanusi sarai. Na shiga ciki. Ga yayanku zaune a bakin ƙofar ɗakin Iya, ɗakin da babu kowa cikinsa, sanye da rigar wani da ta yi masa yawa, idonsa a ƙasa. Abin da raina ke so shi ne in durƙusa in rungume shi in shafa kansa in tabbatar shi ne. Amma ga baffannina zaune, ga dattawan unguwa, duk ido a kaina. Sai bakina ya yi abin da ya saba.

"A'a, Sarkin Ruwa. Ashe gulbin ma ɗanɗana ka ya yi ya tofar?"

Aka fashe da dariya, irin dariyar mutanen da suka kwana cikin tsoro. Shi ma ya ɗan yi murmushi. Ni kuwa har wani daɗi na ji a raina, wai ga shi na samo sunan da zan riƙa kiran ɗana da shi ba tare da na karya kunya ba. Kafin sati ya zagayo duk Kende ta ɗauka.

Innarku ta dama masa fura da nonon da ta fi ji da shi, ta ba Saratu, mai bi masa, ta kai. Ta laɓe a ƙofar madafa tana jiran ta ga ko ƙwaryar za ta dawo wayam. Ta tambayi Saratu ko ya sha. Ta tambaye ta ko jikinsa da zafi. Shi kansa ba ta tambaye shi komai ba, ni ma haka. Kowa ya yi masa barka, ba wanda ya ce masa me ka gani a cikin ruwan nan. Wannan tambayar aikin Iya ce, Iya kuwa tana ƙasa.

Da farko mun ce kwanaki ne, zai ware. Jikinsa ya ware, har ya ƙara tsawo. Amma yaron da ke cika gidan nan da surutu da kiwon tantabaru ya zama kamar baƙo. Tantabarun ma ya buɗe musu akurki ya bar su. In zai yi alwala, da ya zo wanke fuska sai ka ji ya ja numfashi da ƙarfi kamar an shaƙe shi. Wanka ba ya zuba ruwa a kai, da tsumma yake gogewa. In hadari ya haɗu sai ya shige ɗakin ajiya ya zauna tsakanin buhuna, ya toshe kunne, har ruwan ya ɗauke. Ƙofar gidan su Sanusi taku goma ce daga tamu, amma sai ya zagaya ta bayan masallaci don kada ya haɗu da mahaifiyar yaron. Ƙannensa, ku ke nan, abu kaɗan za ku yi ya hau ku da faɗa, sannan ya koma gefe ya yi shiru kwana biyu. Saratu za ta tuna ranar da ta watsa masa ruwa da wasa. Ba ta sake ba.

Ba mu zauna haka nan ba, kada ku ce ba mu damu ba. Wasu suka ce mutanen ruwa ne suka shafe shi, aka yi turare, aka yi rubutu ya sha har ya gaji. Na kai shi asibiti a Bagudo, wata ma'aikaciya mai haƙuri ta duba shi, ta sa ya fita, ta ce mini jikinsa lafiya lau, firgici ne ya zauna masa a zuciya, kuma ta ga irinsa a wurin yara da yawa da suka tsira daga haɗari. Ta ce ba magani ɗaya ba ne, amma abu na farko mu riƙa zama da shi, mu bar shi ya faɗi abin da ke ransa, kuma mu dawo da shi. Na yi mata godiya, na fito ina dariya a cikina. Wane uba ne zai shimfiɗa tabarma ya zauna hira da ɗan farinsa? Na ɗauka yarinyar ba ta san garin da aka kawo ta aiki ba. Ban mayar da shi ba.

A shekara ta biyu na yi abin da ya fi wancan muni. Dattawa suka ce tsoron ruwa da ruwa ake cire shi, a sa shi jirgi ko da ƙarfi ne. Na aika Baffanku Bello ya zo da shi mashaya, wai za a sauke kaya. Da ya ga jirgin ya gane, ya tsaya ƙiƙam. Na kama hannunsa ina wasa, ina cewa sarki ai ba ya gudun ƙasarsa. Ƙafarsa ɗaya ta taɓa katakon jirgin, sai ya durƙushe ya yi ta amai a gaban kowa. Samarin da ke lodi suna ta kiran Sarkin Ruwa ya sha ruwa. Daga ranar, in na dawo daga tafiya, zai zo ya tsuguna nesa ya gaishe ni ya tashi. Ni kuma na ce ladabi ne.

Da daminar shekara ta uku ta kama, Baffanku Bello ya same ni ina gyaran birki ya ce yaron nan ya ba shi saƙo, tunda shi ba zai iya faɗa mini ido da ido ba. Za shi arewa, can hamada bayan Agadas, wurin haƙar zinariya, tare da wasu samari biyu, ranar Alhamis. Bello ya tambaye shi dalili, ya ce can babu gulbi, kuma babu wanda ya san shi. Ni na san hanyar nan. Na ga masu tafiya a tashar Gaya, na kuma ga iyayen da ke zuwa tashar shekara da shekaru suna nuna wa direbobi hoto. Kuma na san yaron da ke neman inda ba a san shi ba, ba zinariya za shi nema ba, ba kuma dawowa zai yi ba. Na gaya wa Innarku. Ta ci gaba da tankaɗe, amma garin duk ƙasa yake zuba.

Ranar Litinin ina da ɗan lodi zuwa Illo. Na ce wa Saratu ta gaya wa wancan ya zo ya raka ni. Ban san abin da zan ce masa ba, kawai dai ban iya barinsa ya tafi ba mu taɓa zama wuri ɗaya ba. Ya shiga gaba ya zauna. Da muka zo gada ya runtse ido har muka haye. Mun ɗan wuce ke nan, da la'asar sakaliya, sai ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Abin share gilashin motata da ma guda ɗaya ke aiki, nawa ɓangaren. Nasa ɓangaren ruwa ya lulluɓe shi gaba ɗaya, ka ce a ƙarƙashin gulbi muke. Babu ɗakin ajiya, babu buhunan da zai ɓuya. Na ji numfashinsa ya canza. Na gangara gefen hanya na kashe mota. Na buɗe baki, kuma kun san abin da ya fara fitowa. Ban kai ƙarshen sunan ba ya tare ni.

"Don Allah, Baba, kada ka ƙara kirana da shi."

Tun da aka haife shi wannan ne abu na farko da ya taɓa roƙona. Wani abu game da gaban mota shi ne, ba ka kallon fuskar wanda ke gefenka, ku biyun gaba kuke kallo. Wannan ne ya taimake ni. Na kafa ido a kan gilashi na tambaye shi, shekara uku a makare, abin da ya faru a cikin ruwan.

Da ya fara, a hankali ya yi ta faɗi, kamar mai ba da labarin wani. Ya ce da jirgin ya kife shi ya taso sama, ya iya ninƙaya kaɗan. Sanusi bai iya ba. Sanusi ya riƙe shi ta baya, hannu biyu a wuya, suka nutse tare. Ya yi ƙoƙarin ɗago su su biyun ya kasa, ya sha ruwa, idonsa ya fara duhu.

"Sai na cije shi, Baba. Ga hannu. Har na ji ƙashi, sannan ya sake ni. Da anka kawo shi, na san masu wanka sun ga shaidar haƙorana ga hannunai. Shekara uku ina jiran wani ya zo ya tambaye ni. Kowa sai barka."

Na ce masa ba shi ya kashe Sanusi ba, gulbi ne, kuma kwana ne ya ƙare.

"Ba ka wurin, Baba," ya ce. "Duk wanda ya kira ni da sunan nan, hannunai nake ji ga wuyana."

Ni mai maganar da ta ratsa ƙasa biyar, wannan karon na ajiye wasa. Sai na miƙa hannu, ina kallon gaba, na ɗora a kan ƙeyarsa. Rabon da in taɓa kansa tun yana cikin tsumman goyo, shi ma a ɓoye. Muka zauna haka har ruwa ya tsagaita. Muka kai kayan Illo muka dawo. A hanya na roƙe shi ya fasa tafiyar, ya ce in yi haƙuri, ba zai iya ƙara wata daminar a garin nan ba.

Na gaya wa Innarku duka, ban rage komai ba. Ta saurara, ta tashi ta ɗora tukunya. Talata ta wuce, Laraba ta wuce, ba ta ce uffan ba. Na ce a raina, shi ke nan, kunyar Fulani ta ci mu.

Alhamis da safe gidan cike yake. Yayarta, Gwaggonku Jumma, ta zo daga Zagga, ga matan ruga masu kawo nono sun sauke ƙorai a tsakar gida, ga maƙwabta. Yayanku ya fito da jakarsa, ya tsuguna can nesa da inda take sheƙar shinkafa, ya ce Inna za ni tafi. Ba ta ɗago ba. Faifan ta gaya wa Allah ya kiyaye hanya, kamar yadda kowace uwar kirki za ta yi wa ɗan fari, har na ga Gwaggonku ta gyaɗa kai. Ya tashi, ya bi ta zaure, ya fita. Ni ina tsaye a ƙofar gida kamar turke. Ya yi nisan gida uku ke nan sai na ji faifai ya faɗi. Innarku ta wuce ni, ba takalmi, ba mayafi, ta tsaya a tsakiyar hanya.

"Attahiru!"

Mai shayin bakin masallaci ya tsaya da buta a sama. Matan nono suka leƙo. Yayanku kansa bai juyo ba da farko, ina jin bai gane muryar ba, don bai taɓa jin sunan daga wannan bakin ba. Ta sake kira. Ya juyo.

"Aje jakar nan. Babanka ya gaya mini, amma ba bakinai nake son ji ba. Zo ka gaya mini da naka. Ni na haife ka."

Ya tsaya yana kallonta. Sai jakar ta sulale daga kafaɗarsa. Saurayi ɗan shekara goma sha takwas, ya fi ni tsawo, ya durƙusa a kan hanya yana kuka irin na yaye, ta kama kansa ta manna a cikinta, duk unguwa na kallo. Samarin nan biyu suka gaji da jira a tasha suka yi gaba. Ɗaya ya dawo bayan shekaru. Ɗayan har yau uwarsa na tambayar direbobi.

Abin bai zo mata a banza ba. Gwaggonku Jumma ta rufe fuska da mayafi, ta haɗa kayanta a ranar, ta fi shekara ba ta tako gidan nan ba. A ruga aka yi ta cewa zaman gari ya cinye mata kunya. A wurin biki mata kan taɓa juna in ta shigo. Ba ta taɓa ba kowa amsa ba, kuma ba ta daina kiran sunan ba, kamar mai biyan bashin shekara goma sha takwas.

Kada kuma ku ɗauka ranar ya warke. Ba a warkewa haka. Mun koma wurin ma'aikaciyar nan ta Bagudo, na ba ta haƙuri, ta yi mini kirki ba ta tuna mini dariyata ba. Ya daɗe yana zuwa wurinta, Innarku a bayan babur ɗinsa. Kullum bayan la'asar su zauna su biyu tana tsintar shinkafa, wata rana ya yi magana, wata rana shiru kawai. Sau ɗaya ta kama hannunsa suka shiga gidan su Sanusi, suka daɗe a ɗakin mahaifiyar Sanusi. Abin da aka faɗa a ciki nasu ne, ban tambaya ba. Na dai ga ya daina zagayawa ta bayan masallaci. Ni kuma na bi majalisa majalisa ina roƙon a bar sunan nan. Sati ɗaya ya ɗauke ni in yaɗa shi, na fi shekara goma ina kwashewa, ga shi Hauwa'u ta gano mini wani tsoho da na tsallake.

Yanzu kuna ganinsa da shagonsa na gyaran injin ban ruwa, da matarsa, da 'yar farinsa da yake yawo da ita a wuya yana kiran sunanta sau ɗari a wuni, har ni kunya ke kamawa. Amma har yau bai sake shiga jirgi ba. In hadari ya haɗu kun san yana rufe shago ya zo ɗakin Innarku ya zauna. Ku daina cewa son fura ke kawo shi. Ku ba shi wuri, kada ku yi ta surutu a kansa, kada kuma ku gudu ku bar shi.

Kafin in rubuta wannan na nemi izininsa, ya ce in rubuta, gara ku sani. Ta bakin Innarku na aika tambayar, ta bakinta amsar ta dawo, ku ga irin jarumin ubanku. Don gaskiyar ita ce har yau bakina bai iya kiran sunan ba. Na sha gwadawa ni kaɗai a mota, tsakanin gada da Illo, yana fita sumul. Da na gan shi tsaye a gabana sai ya maƙale a wuya, in ce "kai", in ce "malam". Wanda kuka karanta a sama ma bakin Innarku na ara.

Saboda haka, Hauwa'u, tunda ke kika tono zancen, ke za ki yi aiken. In kin gama karantawa ki kai masa takardar nan shago. Kada ki karanta masa, na san bakinki. Ki sa yatsa a layin ƙarshe ki miƙa masa, ya gani da rubutun hannuna.

Attahiru, ɗana, ka yafe mini.